Kafiretar Fijo da Kunnen Bakanike

A wasu tsofaffin gidajen Nassarawa GRA a Kano, bayan dogayen katangu, akan tarar da Fijo 504 a ƙarƙashin darbejiya, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilashi. Ba abin mamaki ba ne. Tun bayan da Turawa suka ci Kano a 1903 wannan yanki ya zama mazaunin masu mulki, daga Razdan da Joji har zuwa manyan ma'aikatan jihar da aka ƙirƙiro a 1967. Da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, gwamnatin soja ta mai da Fijo motar hukuma, sai ta cika titunan unguwar. Faransa ta daina ƙera ƙaramar 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har sama da shekara ashirin bayan haka.

Duk wanda ya yi niyyar tayar da irin wannan mota, daga kafireta aikinsa zai fara. Ita ce ke gauraya fetur da iska kafin su shiga inji, iska kusan kashi 15 ga kashi 1 na mai, bisa nauyi. Babu waya, babu kwamfuta. Iskar da inji ke zuƙa ce ke bi ta wani matsattsen maƙogwaro, ta janyo mai ta ƴan ƙananan ramukan tagulla da makanikai ke kira jet.

Kafin a kwance ta sai an san ko wace ce, kuma nan ne ake gane wanda ya ƙware. Yawancin Fijo kafiretar Solex ta Faransa suke ɗauke da ita, kamar yadda Bitil take da tata Solex ɗin. Sunan na nan a jikinta, da lamba: 32 ko 34 faɗin bututunta ke nan a milimita. To amma motar da ta shekara arba'in tana shiga gareji da wuya a same ta da kayanta na asali. Wani ya taɓa ɗora mata ta 404, wani ya sauya jet don rage shan mai. Tsohon bakanike kan goge jikin da fetur, ya karanta lambar, sannan ya aika yaro kasuwar Ƙofar Ruwa da tsohuwar gasket a hannu, don kada a kawo wadda ba ta dace ba.

Sauran aikin haƙuri ne. A baje kayan a faranti, a jiƙa su, a hura kowane rami, domin ƙurar hunturu da tsohon man da ya daskare ne ke toshe su. A duba fulot ko ya huje, a gwada allurar da ke tsayar da mai. In an mayar, sai saitin silo: bakanike ya sunkuya da sukundireba, yana juya noti kaɗan-kaɗan, yana sauraro har inji ya daina kakkarwa. Kunne ne ma'auninsa, kuma wannan gwaninta ta cancanci girmamawa fiye da yadda ake ba ta.

Motocin Kwatano masu injekta sun sauya sana'ar. Yaran gareji na yanzu sun fi sanin na'urar da ake jonawa ta faɗi ciwon mota. Kafireta ta koma kan babura da janareto, masu iya ta Fijo kuwa yawancinsu sun yi furfura, sai an yi cigiya ake samun su.