Ƙwaƙwalwa da jijiyoyin saƙo: yadda suke aiki, da alamun da ba a jira da su

A garuruwanmu na Tasawa da Mayahi, in dattijo ya wayi gari bakinsa ya karkace, hannu ɗaya ya saki, abin da aka saba shi ne a kama murza hannun da mai, ko a yi ta gasa shi da ruwan zafi. Alhali hannun lafiyarsa lau. Ciwon yana can cikin kai. Wanda ya san yadda ƙwaƙwalwa ke tafiyar da jiki, shi zai gane ranar da za a bar komi a nemi mota zuwa likita.

Jijiya iri uku ce

Da Hausa kalma ɗaya muke faɗi, jijiya, amma abu uku ne. Akwai jijiyar jini. Akwai mai ɗaure tsoka da ƙashi, irin agara. Sai ta uku, jijiyar saƙo, fara ce kamar zare, ba jini a cikinta, aikinta kai labari da kawowa kamar wayar kuran. Ita muke nufi a nan. Saƙon da ke bin ta yana iya gudun mita 100 cikin daƙiƙa ɗaya, har ya ɗara. Ƙwaƙwalwa da laka su ne cibiya. Jijiyoyi 12 bibbiyu suna fita daga ƙwaƙwalwa zuwa ido, kunne, hanci, harshe da fuska, wasu 31 bibbiyu kuma suna fita daga laka su bazu cikin sauran jiki.

Sassan ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, kusan kashi 2 cikin 100 na nauyinsa ke nan. Amma ita kaɗai tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu. A cikinta akwai ƙwayoyin saƙo wajen miliyar 86. Ba ta da rumbu: in jini ya daina isa gare ta, cikin ƴan mintoci ƙwayoyin sun fara mutuwa.

Babbar ƙwaƙwalwa ita ta cika saman kai. Gabanta, bayan goshi, nan ake shawara, lissafi da kame kai. Gefe, wajen kunnuwa, ji ne da ajiyar abin da aka tuna. Gani kuwa can baya yake wajen ƙeya, shi ya sa wanda ya bugu a ƙeya yana iya rasa gani, ga idonsa garau. An raba ta gida biyu, kuma aikin a gicciye yake: ɓarin hagu ke juya hannu da ƙafar dama, ɓarin dama ke juya na hagu. Ga yawancin mutane magana tana ɓarin hagu, abin da wani likitan Faransa, Paul Broca, ya fara nunawa a 1861. Kun ga dalilin da wanda ɓarinsa na dama ya shanye, sau da yawa magana ma takan tafi.

Ƙaramar ƙwaƙwalwa tana ƙarƙashin ƙeya. Ita ke daidaita motsi. Yarinyar da ta ɗauko tulu daga rijiya ba ta riƙe ba, mata biyu da ke lugude taɓarya ba ta karo, ɗan kabu-kabun da ke ratsa rairayin Gulbin Kaba bai faɗi ba, duk aikinta ne.

Tushen ƙwaƙwalwa shi ne inda ta haɗu da laka. Ƙarami ne, amma numfashi, bugun zuciya da haɗiya duk a hannunsa suke, ko mutum yana barci.

Laka kuwa igiya ce mai kaurin ɗan yatsa, tsawonta kamar santimita 45, tana cikin ramin ƙashin baya. In ka taka garwashi, ƙafarka ta ɗaga tun ba ka ji zafin ba, laka ce ta yanke hukunci kafin labari ya kai sama. In ta tsinke, abin da ke ƙasa da wurin ya daina motsi. Don haka wanda ya yi hatsari yana kukan wuya ko baya, kar a naɗe shi bisa babur. A kwantar da shi miƙe bisa katako ko ƙyaure, wani ya riƙe kan kar ya juya.

Rigar ƙwaƙwalwa da sanƙarau

Bayan ƙoƙon kai, akwai tantani uku da suka lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, da wani ruwa fari tas da suke iyo a ciki. Sanƙarau kumburin wannan tantani ne, shi ya sa wuya ke sanƙarewa. Nijar tana cikin yankin da cutar ta fi addaba, daga Senegal har Habasha, kuma lokacinta sananne ne: daga hunturu da ƙurarsa zuwa zafin bazara. Manya ba su manta annobar 1995 ba. A ƙarshen 2010 aka fara rigakafin MenAfriVac, wanda ya karya nau'in A. Amma a 2015 nau'in C ya kama mutum sama da 8.000 a ƙasar, ya kashe sama da 500. Rigakafin nau'i ɗaya bai rufe sauran ba, don haka duk lokacin da aka yi shelar allura, a fito.

Mutane da yawa suna tsoron ɗibar ruwan baya, suna cewa yana shanye ƙafa. Ana ɗibarsa ne can ƙasan kwankwaso, inda laka ta riga ta ƙare, kuma jiki yana yin kusan rabin lita na wannan ruwa kullum. Da shi ake gane irin ƙwayar cutar.

Ƙwaƙwalwar yaro

Kafin yaro ya cika shekara 5, ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girmanta. Kwana 1.000 na farko, daga shigar ciki zuwa shekara 2, su ne tubali. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Nonon uwa zalla wata 6, gishiri mai iyod, wake, ƙwai da zogale cikin abinci, da yi wa yaro magana da wasa, duk gina ta suke. Tamowa kuwa tana tauye ta. Zazzaɓin cizon sauro ma yana hawa kai, yaro ya yi ta jijjiga ya suma. A kwana cikin gidan sauro, kuma a karɓi maganin rigakafin da ake rabawa wata-wata da damina.

Farfaɗiya

Farfaɗiya hargitsewar saƙo ce cikin ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci. Ba a ɗaukarta ta miyau, ba a ɗaukarta ta taɓawa. In ta tashi, a janye mutum daga wuta da bakin rijiya, a sa masa tsumma ƙarƙashin kai, in ya lafa a juya shi bisa gefe. Kar a danne shi, kar a tura masa cokali ko ruwa a baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 7 cikin 10 suna iya daina faɗuwa in suna shan magani ba fashi.

Alamun da ba a kwana da su

Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki, magana ta kakare farat ɗaya. Kar a ɗura masa ruwa ko fura, haɗiyarsa na iya lalacewa.

Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, wuya ya ƙi lanƙwasa. Ga jinjiri, maɗiga ta kumbura, ya ƙi nono.

Jijjigar da ta wuce minti 5, ko ta farko a rayuwa.

Bayan buguwar kai: amai, barci mai nauyi, ruɗewa, ko ruwa daga kunne ko hanci.

Ko ɗaya aka gani, daga Urafan ne, Korgom, Kanambakashe ko Sarkin Hausa, sai CSI mafi kusa nan take. Majo zai duba, in abin ya fi ƙarfinsa ya tura asibitin Tasawa ko na Mayahi, daga nan Maraɗi. A yi addu'a ana tafiya.

Babban abin da ke jawo shanyewar ɓarin jiki shi ne tansiyo, wato hawan jini, kuma ba ya sallama. A riƙa aunawa, a rage gishiri, wanda aka ɗora bisa magani kar ya bari don ya ji sauƙi.

Ku kuma ƴan'uwa da ke Kano, Agadas, Libiya, Aljeriya ko Abijan: in aka kira ku aka ce bakin tsoho ya karkace, kuɗin mota za ku fara turowa, ku ce a tashi yanzu. In kuka saya wa ƙane babur, ku haɗo da hular kwano. Allah Ya ba mu lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.