Daga Jigo zuwa Inji: Tarihin Tattalin Ƙasa da Ruwa a Yankin Jega

Sau da yawa akan ɗauka cewa malaman gona ne suka koya wa talaka tattalin ƙasa da ruwa. Tarihin Jega da Aliero da Maiyama bai nuna mana haka ba. Tun kafin zuwan Turawa manoman tudu ke tayar da kunya don tare ruwan sama, suna kuma gayyatar Fulani su sauka a gona bayan girbi saboda taki. A fadamar Gulbin Zamfara kuwa, jigo da fangali ne suka riƙe noman rani.

Farin 1973 da na 1984 su suka sauya al'amarin. Da gero ya gaza, sai hankali ya koma fadama, daga baya kuma shirin Fadama na 1993 ya yawaita rijiyoyin burtsatse da injunan ban-ruwa. A ganinmu, manomin Aliero ya karɓi inji ba gardama ne domin bai taɓa masa fangalinsa ba. Gurbin guga kawai ya maye. Albasa ta yawaita ƙwarai. Sai dai mai jigo yakan tsaya idan ƙarfinsa ya ƙare, mai inji kuwa yana ta jan ruwan ƙasa muddin yana da kuɗin mai.