Yadda aka shirya jiragen farko da suka sauka Kano a 1925

1/ Jirgin sama na farko da ya sauka a Kano, ran 1 ga Nuwamba 1925, inji ɗaya gare shi, jikinsa kuma katako ne da yadi. Su uku ne ma, daga Masar suka taso. Yawanci nan ake tsayar da labarin. Ni kuwa shirin da aka yi musu ya fi ɗaukar hankalina. Ku biyo zaren.

2/ Na sojan saman Ingila ne, samfurin DH.9A, kowanne kujera biyu. Jagoransu Arthur Coningham. Sun tashi daga Helwan, kudu da Alƙahira, ran 27 ga Oktoba, suka bi ta Hartum, El Obeid, El Fasher, Abeche, Fort Lamy (Njamena ta yau) da Maiduguri. Sama da kilomita 4,000 cikin kwana shida.

3/ Duk wanda ya taɓa ganin lodin albasa a Aliero za a nufi Legas ya san tsarin: a duba baƙin mai, a duba ruwa, a ɗaure safaya. Amma in mota ta mutu bayan Maiyama, direba gefen titi zai faka ya kira bakanike daga Jega. Jirgi mai inji ɗaya fa? In injin ya ɗauke, sauka dole, ko ina ne.

4/ Matsalar farko zafi. Injin Liberty ne, ƙirar Amurka, silinda 12, ƙarfin doki 400, ruwa ke sanyaya shi. Don yaƙin Turai aka ƙera jirgin. Da aka kawo irinsa ƙasashe masu zafi sai da aka ƙara masa lagireto na biyu a ƙarƙashin hanci. Har tayar safaya ake ɗaura masa a jiki, sai ka ce motar kasuwa.

5/ Ta biyu mai. Tankinsa na asali awa biyar da 'yan kai yake kaiwa, shi ya sa akan ƙara wani a fiffike. To amma mai nauyi ne. Ka ƙara mai, ka ƙara ruwan sha da kayan gyara, jirgi ya yi nauyi. Ga shi iska in ta yi zafi sai ta saki, ba ta tallafar fiffike sosai, sai jirgi ya yi doguwar gudu kafin ya ɗaga.

6/ Har yau lissafin bai canza ba. Masu kai ƙananan jirage ƙetaren teku kan cire kujerun baya su ɗora tanki a wurin, su auna komai, har jakar tufafinsu.

7/ Amma babban shirin a ƙasa aka yi shi. Layin dogon Sudan a El Obeid ya tsaya, namu kuma ya iso Kano a 1911. Tsakaninsu babu dogo, babu kwalta, babu gidan mai. Dole kafin jirgi ya taso a kai mai kowane zango, a share fili, a tone kututture. A ganina rabin aikin na masu dakon man nan ne da masu sharar fili, duk da Coningham aka ba lambar yabo.

8/ Ku sake duba garuruwan nan kuwa. Hanyar alhazai ce! Ita mutanenmu ke bi a ƙafa da jakuna zuwa Makka, wata da watanni, wasu shekaru, suna tsayawa ƙwadago a gonakin Sudan. Matuƙan ba su da komai sai kamfas da taswira. Sun sauka a filin dawakai na Kano zamanin Sarki Usman, suka koma Helwan ran 19 ga Nuwamba.

9/ Amfanin tafiyar ya fito bayan shekara 15. A 1940 Italiya ta shiga yaƙi, tekun Bahar Rum ya zama haɗari ga Ingila. Sai aka riƙa kawo jiragen yaƙi a akwatuna zuwa Takoradi, a Gana ta yau, a haɗa su, su tashi ta Legas, Kano, Maiduguri, Hartum har Masar. Ayarin farko ya tashi a Satumba 1940.

10/ Hurricane ma inji ɗaya ne, kuma ba don doguwar tafiya aka yi shi ba. Aka sa masa ƙarin tanki ƙarƙashin fiffike da matatar ƙura a hanci. Blenheim mai inji biyu ke shiga gaba da mai duba taswira, su bi shi kamar madugu. Ana shafa musu farin fenti ta sama, don in ɗaya ya faɗi a daji masu nema su hango shi. Wasu sun faɗin kuwa.

11/ Zuwa 1943 jirage sama da 5,000 sun bi hanyar nan. Kwamandan rundunar saman da ke karɓar da yawansu a hamadar Masar da Libiya tun 1941 kuwa, Coningham ɗin nan ne dai.