Wutsiyar sharaɗi

A teburin mai shayi a Bagadaza na ji wani ya ce, "Gobe zan biya ka, Malam." Sai da ya kurɓi shayi ya ƙara da cewa, "in an yi albashi." Mai shayi ya ɓata rai, don ya san inda aka dosa.

Malaman zaure suna da suna ga ɓangarorin irin wannan jimla. Wanda ke ɗauke da "in" ko "idan" shi ne sharaɗi, ɗayan kuma jawabi, wasu su ce jaza'i, wato sakamako. Duka daga nahawun Larabci muka aro su. Sunan jawabi kansa, wato amsa, ya riga ya yanke hukuncin wa zai shige gaba, tunda ba a amsawa sai an yi kira. Joseph Greenberg, Ba'amurken da ya yi bincike a ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya faɗi haka a 1963: a kowane harshe, sharaɗi ne ke gaba bisa al'ada. Fulatanci na cikin harsuna 30 da ya auna. Abin dariya ma, a Fulatancin Gombe "to" ke buɗe sharaɗi, mu kuwa da "to" muke buɗe jawabi: in ka ƙi ji, to ba ka ƙi gani ba.

Harshen Koriya ya fi namu tsanani. Su mutanen Koriya "in" ɗinsu ɗafa-ƙeya ne, "miyon", wanda ake liƙa wa ƙarshen aikatau, kuma babban aikatau shi ke rufe jimla, don haka a rubuce sharaɗi ba shi da wurin zama sai gaba. Duk da haka a hira sukan gama magana sannan su jefo shi daga baya, kamar mutuminmu.

A ganina wannan na baya bai cancanci suna ɗaya da na gaba ba. Na gaba shimfiɗa ne, mai sauraro ya san a kan me ya zauna. Na baya kuwa ja da baya ne bayan an ga fuskar mutum, ko sassauta umarni: "Kawo ruwa, in ba damuwa." Ni dai wutsiyar sharaɗi nake ce masa. Mai shayin bai jira suna ba, littafin bashi ya jawo.