Bindiga da Kwale-kwale a Tarihin Farautar Agwagwar Daji a Amurka

1.0 Gabatarwa

Maharbin agwagwar daji yana bukatar abu biyu: bindiga mai watsa ƙananan ƙwayoyin harsashi a harbi guda, da ƙaramin kwale-kwale da zai kai shi kusa da tsuntsu ba tare da an gan shi ba. Wannan maƙala za ta nuna cewa zaɓin waɗannan kaya a Amurka bai taɓa zama ra'ayin maharbi shi kaɗai ba. Da farko kasuwa ce ke yi masa zaɓin, daga baya kuma doka ta karɓi ragamar.

2.0 Zamanin Kasuwa

A ƙarni na 19 farautar agwagwa sana'a ce a gaɓar gabashin Amurka, musamman a mashigin ruwan Chesapeake. Gidajen abinci na birane irin su Baltimore suna sayen naman da tsada, saboda haka burin maharbi shi ne ya kashe da yawa da albarushi kaɗan. Wannan buri ne ya jawo wata ƙatuwar bindiga wadda ba ta saɓuwa a kafaɗa, sai dai a girke ta a kan kwale-kwale. Faɗin bakinta kan wuce inci 2, tana kuma cin ƙwayoyin dalma sama da laba guda. Maharbi yakan kwanta rub da ciki, ya matsa sannu da ɗan gajeren filafili, galibi da dare. Ba bindigar yake juyawa ba in zai yi saiti, kwale-kwalen yake juyawa gaba ɗayansa. Harbi ɗaya kan kayar da tsuntsaye kamar 50.

Shi ma kwale-kwale an ƙera shi ne daidai da irin ruwan da zai shiga. A 1836 Hazelton Seaman ya sassaƙa wani ɗan jirgi a mashigin Barnegat da ke jihar New Jersey, tsawonsa wajen ƙafa 12, faɗinsa ƙafa 4. Samansa a rufe yake, cikinsa ba zurfi, yana tafiya ko a ruwa kaɗan, in kuma aka lulluɓe shi da ciyawa sai ya saje da fadama. Akwai kuma wani akwati da ake ɗora wa nauyi har bakinsa ya yi daidai da fuskar ruwa, maharbi ya kwanta a ciki, gumakan agwagwa na itace kewaye da shi.

A farkon ƙarni na 20 aka fara ƙera bindigar John Browning mai suna Auto-5 a Beljiyam. Tana harbi biyar a jere ba tare da an sake ɗuri ba, watau ɓarnar da a da sai babbar bindiga ta dawo kafaɗar mutum guda.

3.0 Zamanin Doka

Da tsuntsaye suka yi ta raguwa sai hukuma ta sa baki. Dokar Lacey ta 1900 ta hana ketara iyakar jiha da naman da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba. Mutuwar kurciyar ƙarshe ta wani jinsi mai ƙaura a gidan namun dajin Cincinnati a 1914, jinsin da a da garkensa ke rufe sararin sama, ta nuna cewa yawa ba ya hana ƙarewa. A 1916 Amurka ta ƙulla yarjejeniya da Biritaniya a madadin Kanada, dokar 1918 kuma ta zartar da ita. Aka haramta cinikin waɗannan tsuntsaye, aka kuma hana bindigar da ta wuce lamba 10.

Wannan lamba tana bukatar bayani. Ana ƙidaya dunƙulen dalma nawa ne masu faɗin bakin bindiga za su cika laba guda. Don haka lamba 10 ta fi lamba 12 faɗin baki, ita kuwa lamba 12, wadda maharba suka fi zaɓa, bakinta wajen milimita 18.5 ne.

Fari na shekarun 1930 ya busar da fadamun da agwagwa ke ƙyanƙyasa, sai aka ƙara matsawa. A 1934 aka wajabta wa maharbi sayen kan sarki na dala 1, kuɗin kuma a kashe su wajen tanadin fadamu. A 1935 aka hana akwatin nan mai nutsewa, aka kuma ƙayyade cewa kada bindiga ta ɗauki harsashi fiye da uku.

Mataki na ƙarshe ya shafi harsashin kansa. Agwagwa kan haɗiye ƙwayoyin dalmar da suka zuba a ruwa, ƙundunta ya niƙa su, gubar ta kashe ta ko da ba a harbe ta ba. A 1991 aka hana dalma a wannan farauta a duk ƙasar. Da yake ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, sai maharba suka koma ga manyan ƙwayoyi da bindigogin da ke jure su.

4.0 Kammalawa

Daga 1836 zuwa 1991 tambayar maharbi ta sauya. A da yakan nemi kayan da za su fi cika masa kwale-kwale. Bayan 1918 sai ya koma neman waɗanda doka ta yarje masa, domin a bar abin da zai dawo baɗi. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.