Kuɗin Taimako da Aka Yi Amfani da Shi Wajen Hana Mutane Haihuwa

1/ Duk wanda ya ce bai yarda da gidauniyoyin attajirai ba, nan take a ce masa ɗan ƙauye. To ku ɗan tsaya, zargin nan yana da tarihi, kuma a Amurka ya faro. 🧵

2/ A 1910 aka buɗe wani ofishi a Cold Spring Harbor, jihar New York. Aikinsu tattara bayanan zuri'ar mutane don tantance wa ya cancanci haihuwa, wa bai cancanta ba. Kuɗin fa? Mary Harriman, matar wani attajirin jiragen ƙasa, ita ta fara zubawa. Daga baya cibiyar Carnegie ta karɓi ragamar.

3/ Mai kula da ofishin, Harry Laughlin, ya wallafa samfurin doka a 1922: a yi wa "marasa amfani" tiyatar hana haihuwa ko sun ƙi. Cikin jerinsa har da makafi, kurame, marayu da masu farfaɗiya.

4/ Nan ne abin ke ƙona min rai. Carrie Buck, yarinya 'yar talakawa a Virginia, ɗan'uwan masu riƙonta ya yi mata fyaɗe, ta haihu. Maimakon a bi mata haƙƙi, aka ce ai daƙiƙiya ce. Laughlin ya ba kotu shaida a kanta, alhali bai taɓa sa ta a ido ba. A 1927 Kotun Ƙoli, alƙalai 8 cikin 9, ta amince a yi mata tiyatar. 'Yar da ta haifa kuwa sai da ta shiga jerin haziƙan ɗalibai a makarantarsu.

5/ Sama da mutum 60,000 aka yi wa haka a Amurka.

6/ Ba wai komai nasu sharri ba ne fa. Gidauniyar Rockefeller ce ta samar da rigakafin shawara a 1937, har a Yaba ta yi bincike. Amma ita ɗin dai ta tallafa wa cibiyoyin Jamus masu nazarin "tsaftace zuri'a". Wa ya zaɓe su? Ba kowa. In gwamna ya ɓata, akwai ranar zaɓe. Gidauniya fa, ina za ka kai ƙararta?

7/ Jamus ta Hitler ta kafa irin dokar a 1933. A 1936 Jami'ar Heidelberg ta ba Laughlin digirin girmamawa. Carnegie ba ta rufe ofishin ba sai 1939.

8/ Af, shi kansa Laughlin ɗin farfaɗiya gare shi.