Daga Kufan Maraɗi Zuwa Tafkin Madarunfa

Ya kai mai karatu, tun shekarar 2000 mutanen Amurka suka ƙago wani wasa. Wani ya ɓoye ɗan akwati cikin duwatsu ko wani kango a bakin tafki, ya ba da kwatance, saura su bi sawu da na'ura har su gano shi. Mu nan ba sai an ɓoye mana akwati ba. Kakanninmu sun riga sun bar mana ajiya a kan hanyar Madarunfa, sai dai masu nemanta sun yi ƙaranci.

In kana Sabon Gari, yi sammako ka gangara yamma zuwa fadama. Gonakin da za ka gani, nan tsohon garin Maraɗi yake. Ga yadda aka yi. A shekarar 1807 mutanen jihadi suka ci birnin Katsina, sarki da jama'arsa suka fita gudun hijira. Bayan sun sha yawo har Damagaram, sai Sarki Ɗan Kasawa ya zo ya zauna Maraɗi wajen 1819. Ya zaɓi fadama saboda kurmi ne mai duhu, doki ba ya iya sukuwa cikinsa. Daga nan Katsinawan Maraɗi suka yi ta kai yaƙi kudu, suna neman komawa gida.

Ba su kaɗai suka sha wannan wuya ba. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda suka kwanta dama. Gobirawan da suka tsira suka kafa Tibiri kusa da ƴan'uwansu. Shi ya sa har yau garuruwan biyu suke maƙwabtaka.

To, fadamar da ta tsare Maraɗi daga mahaya, ita ce kuma ta ci ta. A 1945 gulbi ya yi ambaliya, ya rushe gidaje. Dole aka tashi aka hau tudu, aka yanka sababbin unguwanni da hanyoyi miƙaƙƙu, irin waɗanda kake bi yau. Tsohon gari ya zama kufai.

Daga nan ka miƙa kudu, ka ratsa Jiratawa da gonakinta na rani. Kafin ka cika kilomita 25 sai ga tafkin Madarunfa, wanda Gulbin Gabi da Gulbin Maraɗi ke ba ruwa. Za ka iske masunta cikin kwalekwale, ga tsuntsaye, ga manyan itatuwa. Amma babban abin da ke jawo baƙi shi ne kaburburan waliyyai 99 da ake cewa suna kewaye da tafkin. Mutane na zuwa ziyara daga Nijar da Najeriya, wasu ma na ba da labarin haske da ake gani bisa kaburburan da dare. A 2006 Nijar ta sa tafkin da dajinsa da kaburburan cikin jerin wuraren da take so hukumar UNESCO ta karɓa a matsayin gadon duniya.

Sai dai ka lura, yawancin wannan tarihi a bakin tsofaffi yake. Garma na bi ta kan kufai kowace damina, rairayi na cike tafki, waɗanda suka ga ambaliyar 1945 da idonsu kuma saura kaɗan. Ranar da suka ƙare, wa zai nuna maka inda kasuwa take, da inda ƙofar gari take?

Don haka, kai da ka iya karatu da rubutu, kada ka tafi hannu rabbana. Ɗauki littafi da alƙalami, ka sayi goro. In ka iske dattijo, durƙusa ka gaishe shi, ka tambaye shi sunan wurin da mafarin sunan. Rubuta abin da ya faɗa, ka sa kwanan wata. Kada ka ɗauke ko dutse guda daga kabari. In ka komo gida, ka karanta wa yara.